Filin Tambaya da Amsa: Shakkar Dekart da Gardamar da Ta Haifar

Tambayoyin wannan fitowar sun shafi masana falsafar Turai na ƙarni na 17 waɗanda suka ɗora ginin sani a kan hankali, wato Dekart da Sifinoza da Laibniz, da kuma mutanen da suka yi musu raddi.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An koya mana cewa Dekart ya yi shakkar komai har da jikinsa, sannan ya ce "ina tunani, saboda haka akwai ni". Wannan ba wasa da hankali ba ne? Wane mai hankali ne zai yi shakkar yana da hannu?
Ɗaliba daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Rene Dekart, wanda Faransawa ke rubutawa Descartes, an haife shi a 1596 ya mutu a 1650, kuma bai taɓa yarda a zuciyarsa cewa ba shi da hannu ba. Gwaji ya shirya mai ƙa'ida, ya shimfiɗa shi a littafinsa na tafakkuri shida da ya fito da Latin a Faris a 1641. Ƙa'idar ita ce duk abin da aka samu kafar shakka a cikinsa, komai ƙanƙantarta, a ajiye shi gefe na ɗan lokaci tamkar ƙarya ne, a ga ko wani abu zai rage. Misalin da ya bayar da kansa na mai kwandon tuffa ne da ke tsoron akwai ruɓaɓɓu a ciki: zazzage kwandon zai yi kaf, sannan ya riƙa mayar da masu kyau ɗaya bayan ɗaya.

Hawa uku shakkar take. Da farko gaɓoɓin ji, ido da kunne da sauransu, sukan yaudare mu, kuma wanda ya yaudare ka sau ɗaya bai cancanci cikakkiyar amana ba. Nan take ya ba kansa amsa cewa wannan ya tsaya ne kan abu ƙarami ko mai nisa. Cewa yana zaune gaban wuta da takarda a hannu, sai mai taɓin hankali ne zai musa. Sai ya hau na biyu, mafarki. Sau nawa ya ga kansa zaune gaban wutar nan alhali yana kwance a gado? Babu wata alama tabbatacciya da ke raba farke da barci. Duk da haka wani abu ya tsira, domin ko a mafarki biyu da uku biyar ne, murabba'i kuma gefe huɗu gare shi. Na uku shi ne ya share har wannan: a ƙaddara akwai wani mugun mayaudari mai matuƙar iko da wayo, wanda ya zuba duk ƙarfinsa wajen ruɗar da ni.

A tafakkuri na biyu ne aka samu abin da ya ƙi faɗuwa. Mayaudarin ya yi iya yinsa, in dai ana yaudarata to akwai ni, don ba a yaudarar babu.

Ki kula da wuraren da ɗalibai ke zamewa a jarrabawa. "Tunani" a wurinsa ya haɗa da shakka da fahimta da nufi da ƙi da sawwarawa, har da jin kamar ana ganin haske. Shi ya sa da Pierre Gassendi, wani masanin falsafa Bafaranshe, ya ce ai kowane aiki na mutum ma ya wadatar, kamar a ce "ina tafiya, saboda haka akwai ni", Dekart ya ce a'a: tafiya aikin jiki ce, ana iya mafarkinta, sai dai in an ce "ina jin kamar ina tafiya", wanda shi ma tunani ne. Sannan yaƙinin yana nan ne muddin ana cikin tunanin. Bai nuna ke ce ta jiya ba, bai nuna rai dabam yake da jiki ba; wannan sai a tafakkuri na shida ya yi ƙoƙarin kafa shi. Kuma shakkar ta ɗakin nazari ce. A littafinsa na 1637 ya gindaya wa kansa cewa yayin da yake wannan bincike zai ci gaba da bin dokokin ƙasarsa da al'adunta, ya kuma riƙe addinin da ya tashi a ciki.

Tambaya: Malam, na ji ana cewa hujjar Dekart tana zagaye. A ina ne zagayen yake, kuma ya iya kare kansa?
Malamin sakandare daga Katsina

Amsa: Malam, a nan gizo ke saƙar. Bayan ya samu "akwai ni", Dekart na tsare cikin kansa, yana bukatar gada zuwa duniya. Ga yadda ya gina ta. Ya ce abin da ya sa na tabbatar da samuwata shi ne na gan ta sarai, a rarrabe, don haka duk abin da na gani haka gaskiya ne. Sai ya ce a cikin tunanina akwai ma'anar wani mai cikakkiyar kamala marar iyaka. Sanadi ba ya gaza abin da ya haifar. Ni mai iyaka ne mai tawaya, ba zan zama tushen wannan ma'ana ba. Saboda haka akwai Allah. Yaudara tawaya ce, don haka Allah ba ya yaudara, don haka hankalin da ya ba ni ba zai ɓatar da ni ba idan na tsaya kan abin da na gani sarai. Kuskure kuwa, a cewarsa a tafakkuri na huɗu, yana zuwa ne saboda nufi ya fi fahimta faɗi, sai mutum ya yanke hukunci kan abin da bai gama gani ba.

Kafin a buga littafin tafakkurin, abokinsa Marin Mersenne ya rarraba shi ga masana, aka buga sukarsu kashi shida tare da amsoshin Dekart, aka ƙara ta bakwai a bugun 1642. Suka ta huɗu ta Antoine Arnauld ce, wani matashin malamin addinin Kirista. Ya ce: mun tabbatar da gaskiyar abin da muke gani sarai ne saboda akwai Allah, amma kuma mun tabbatar akwai Allah ne saboda mun ga haka sarai. Wanda ya karanta mandiƙi a zaure ya san wannan da sunan dauru. Kamar shaidu biyu ne gaban alƙali, kowanne ɗan'uwansa ne kaɗai mai tsarkake shi.

Dekart ya amsa da rarrabewa. Ya ce lokacin da hankali ke kallon hujja ido da ido, ba ya iya shakka, ba ya kuma bukatar lamuni. Ana bukatar lamunin ne ga sakamakon da muka tuna mun taɓa tabbatarwa, alhali matakan sun fita daga gabanmu. Ya ce wanda bai yarda da Allah ba zai iya ganin cewa kusurwoyi uku na alwatika daidai suke da kusurwa biyu miƙaƙƙu, wato digiri 180, amma saninsa ba tsayayye ba ne, don ana iya jefa masa shakka daga baya.

A ganinmu amsar ta toshe rabin ɓarakar ne kawai. Kasa yin shakka hali ne na zuciya, bai zama dole ya zama gaskiya ba, kuma shi da kansa ya ba mayaudarin nan damar taɓa biyu da uku. Ban da haka, ƙa'idar da ya jingina da ita ta cewa ma'anar da ke cikin tunani sai ta samu sanadi daidai girman abin da take nunawa, ba ta kai "akwai ni" bayyana ba ko kusa. Daga karatun makarantun zamaninsa ya gaje ta. A lura dai, raunin hujja ɗaya bai taɓa abin da ake kafa wa hujjar ba. Arnauld da ya yi sukar mai imani ne, gyaran hujjar yake nema.

Tambaya: Allah gafarta Malam, da gaske ne Dekart daga Imamu Gazali ya kwashi shakkarsa?
Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Kamar tana da yawa, ɗan'uwa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labari a littafinsa Almunƙizu Minad Dalal cewa ya fara da tuhumar gani: inuwa kamar a tsaye take alhali tana tafiya a hankali, tauraro kamar girman dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Sai ya koma ga abubuwan da hankali ya wajabta, irin goma ta fi uku. Sai ya tambayi kansa, tunda hankali ya ƙaryata gani, me zai hana a samu wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi? Ya kawo misalin mafarki shi ma. Ya ce ya yi kusan wata biyu cikin wannan hali.

Mafitar ce ta bambanta, kuma bambancin babba ne. Gazali ya ce ba jera hujjoji ne suka warkar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. Dekart kuwa da hujja ya nemi fita. Ga Gazali shakkar ciwo ce da ta same shi, ga Dekart kayan aiki ce da ya ɗauko da gangan.

Batun kwasa kuma, babu inda Dekart ya ambaci littafin, kuma kamanni kaɗai ba ya tabbatar da aro, tunda hujjar ruɗin ido da ta mafarki tsofaffi ne tun zamanin Girkawa. Abin da ke tabbace shi ne an fassara littafin Ibn Sina kan rai zuwa Latin a Toledo tun ƙarni na 12, malaman Turai suka yi ta karanta shi. A cikinsa akwai misalin mutumin da aka halitta nan take yana rataye a iska, ba ya gani, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, amma duk da haka zai tabbatar da samuwar kansa. Arnauld kuma ya nuna wa Dekart cewa Augustine, wani babban malamin Kiristanci na dā, ya riga shi irin wannan hujja da ƙarni goma sha biyu.

Tambaya: Malam, idan rai ba jiki ba ne kamar yadda Dekart ya ce, ta yaya niyyata ke ɗaga hannuna? Ina karatun likita, abin ya ɗaure mini kai.
Ɗalibi daga Sakkwato

Amsa: Tambayarka, Malam, ita ce wadda Gimbiya Elizabet ta Bohemiya ta aika wa Dekart a watan Mayu na 1643, tana da shekara 24, tana zaman gudun hijira a Heg ta ƙasar Holan. Dekart ya ce jiki abu ne mai tsawo da faɗi da kauri wanda ba ya tunani, rai kuma abu ne mai tunani wanda ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Ita kuwa ta bi ta kimiyyarsa ta kama shi. Ta ce a tsarinka abu yana motsa wani ne ta hanyar turawa, turawa kuma na bukatar taɓawa da sura da girma. Ka cire wa rai duk waɗannan, to da me zai tura?

Amsarsa ta farko ta jingina da nauyi: mutane na ɗaukar nauyi wani abu ne da ke jan dutse ƙasa ba tare da taɓawa ba, to haka za a fahimci aikin rai. Ta mayar masa cewa ai kai da kanka ka ce wannan fahimtar nauyi kuskure ce, yaya za a bayyana gaskiya da kuskure? Ta ƙara da cewa ya fi mata sauƙi ta yarda rai na da jiki da girma, a kan ta yarda abin da ba shi da jiki yana motsa jiki. A wasiƙarsa ta ƙarshen watan Yuni ya ce haɗuwar rai da jiki a rayuwar yau da kullum ake saninta, ba a zurfin nazari ba. Wannan sallama ce cikin ladabi, tambayar tana nan.

Ta fuskar likitanci ya zaɓi ƙwayar finiyal, wata 'yar tsoka kamar ƙwayar shinkafa a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Dalilinsa shi ne sauran sassan bibbiyu suke, dama da hagu, ita kuwa ɗaya ce, kuma ya zaci tana lilo, tana karkatar da wasu siraran ɓurɓushin jini da ke gudu cikin jijiyoyi zuwa tsoka. Niels Stensen, masanin fiɗa ɗan ƙasar Denmak, ya nuna a laccarsa ta Faris a 1665 cewa ƙwayar a manne take, ba ta lilo yadda aka siffanta. Yau an san aikinta fitar da sinadarin melatonin ne mai daidaita barci. Ko da fiɗar ta yi daidai, nuna wurin haɗuwa bai bayyana yadda ake haɗuwar ba.

Waɗanda suka biyo baya hanya uku suka bi. Nicolas Malebranche, wani limamin Kirista Bafaranshe, a littafinsa na 1674 zuwa 1675, ya ce rai ba ya motsa jiki, jiki ma ba ya motsa jiki. Allah ne kaɗai mai aikatawa, niyyarka lokaci ce kawai da yake ɗaga hannun a cikinsa bisa tsarin da ya saba. Ɗalibin tauhidi zai tuna maganar Gazali cewa ƙuna tana faruwa yayin haɗuwar wuta da auduga, ba wutar ce ke halittar ta ba.

Baruk Sifinoza, Bayahuden Amsterdam da jama'arsa suka kora a 1656, ya rushe rabuwar ne daga tushe. Littafinsa da aka buga bayan mutuwarsa a 1677 a tsarin lissafin siffofi yake: kashi na farko ya buɗe da ta'arifi 8 da ƙa'idoji 7, ya fitar da matsaloli 36 daga cikinsu. Ya ce zati ɗaya ne tak, tunani da girma siffofinsa ne, don haka ranka da jikinka abu ɗaya ne da ake kallo ta fuska biyu, babu mai tura wani. Tsadar wannan mafita ita ce ya haɗe Mahalicci da halitta, abin da Yahudawa da Kiristocin zamaninsa suka ƙi, kuma ya saɓa wa aƙidar Musulunci ƙarara. Mai son gwada ginin ya tsaya kan ta'arifinsa na zati, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya ɓuɓɓugo.

Gotfirid Laibniz ya kawo tasa a 1695. Ya ce a ɗauki agogo biyu da ke buga lokaci ɗaya: ko dai ɗaya na jan ɗaya, ko wani na tsaye yana daidaita su kullum, ko kuma maƙerin ya ƙera su da ƙwarewar da ba za su taɓa saɓawa ba. Ya zaɓi ta uku. Ya kuma kawo suka ta lissafi da ya kamata ka riƙe. A fahimtarsa, Dekart na ganin rai ba ya ƙara yawan motsi a duniya, alkiblarsa kawai yake juyawa. Amma binciken karon abubuwa da aka yi bayan mutuwar Dekart ya nuna jimillar motsi ta kowace alkibla ita ma ba ta canzawa, don haka juya alkibla ma karya doka ne.

Tambaya: Malam, akwai ɗan Afirka da ya shiga wannan muhawara a lokacin?
Mai karatu daga Zangon Kumasi

Amsa: Akwai, kuma ɗan ƙasarku ne. Anton Wilhelm Amo daga yankin Axim yake, an kai shi Turai yana ƙaramin yaro, ya tashi a fadar Wolfenbüttel a Jamus, inda Laibniz ke riƙe da ɗakin karatu. Ya shiga jami'ar Halle a 1727, ya kare kundin digirinsa a Wittenberg a 1734, ya koyar a Halle da Jena, daga baya ya koma gida. Kundin raddi ne ga Dekart. Amo ya ce ji, kamar zafi da sanyi, karɓar tasiri ne ta hanyar taɓawa, rai kuwa ba shi da sassan da za a taɓa. Saboda haka jiki mai rai ne ke ji, hankali sanin abin yake yi. Wato ya zargi Dekart da rashin tsayawa kan rabuwar da shi ya kafa.

Tambaya: Malam, ana haifar mutum da wani sani ne, ko duk daga gani da ji yake samowa?
Wata uwa daga Kano

Amsa: Hajiya, a kan wannan ne Jon Lok na Ingila da Laibniz suka rabu. Dekart ya riga ya share fage da kakin zuma: sabon yanka daga saƙa yana da ƙanshi da tauri da sanyi, in an ƙwanƙwasa ya yi ƙara, a kusantar da shi wuta duk waɗannan su tafi, amma kowa ya san kakin nan ne. Tunda abin da gaɓoɓi suka kawo ya canza duka, hankali ne ya yanke cewa shi ne.

Lok, a littafinsa mai ɗauke da shekarar 1690, ya ce zuciyar jariri farar takarda ce. Da a ce an haife mu da ƙa'idar "abu ba ya kasancewa kuma ya ƙi kasancewa a lokaci guda", da yara sun san ta. Duk ma'anoni, in ji shi, daga gaɓoɓi suke ko daga lura da aikin zuciyarmu.

Laibniz ya rubuta masa raddi babi-babi, amma da Lok ya mutu a 1704 sai ya ajiye, ba a buga ba sai 1765. Ya ce zuciya ta fi kama da dutsen marmara mai jijiyoyi waɗanda suka riga suka zana surar da mai sassaƙa zai fitar da wahala. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce gaɓoɓi misalai kawai suke kawowa, misalai kuwa komai yawansu ba sa haifar da "dole". Girkawa da Rumawa sun ga dare na bin rana cikin awa 24 ba fashi, amma a tsibirin Nova Zembla na can arewa dokar ta karye. Biyu da uku kuwa ba a zuwa wata ƙasa a tarar sun zama shida. Wanda ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi ya san wannan rabuwa tsakanin hukuncin hankali da hukuncin al'ada. A nan muna ganin Laibniz ya fi hujja, ko da yake nuna cewa gani bai isa ba bai tabbatar da cewa an haife mu da sanin ba.

Akwai tambaya ɗaya da aka iya gwadawa. William Molyneux na Dublin ya tambayi Lok: wanda aka haifa makaho, ya saba rarrabe ƙwallo da ɗan akwati mai gefe shida daidai ta hanyar shafawa, idan idonsa ya buɗe aka ajiye su a kan tebur, zai gane wanne ne wanne kafin ya taɓa? Shi da Lok duka suka ce a'a. Laibniz ya ce zai iya, da sharaɗin a gaya masa cewa su biyun ne a gabansa kuma a bar shi ya natsu, domin akwatin na da tsini takwas, ƙwallo ba ta da ko ɗaya.

A 1728 likita William Cheselden ya ba da rahoton yaron da ya cire wa yanar ido, wanda da farko bai iya rarrabe siffofi da ido ba. A 2011 Richard Held da Pawan Sinha da abokan aikinsu suka buga gwajin da suka yi a Indiya kan yara biyar da aka yi wa aiki, cikin awa 48 da buɗewar idonsu. Sun iya haɗa abin da suka gani da irinsa, da abin da suka shafa da irinsa, amma haɗa abin da suka shafa da abin da suke gani bai wuce canki-canka ba sosai. Bayan 'yan kwanaki ƙwarewar ta haura ƙwarai. Sakamakon farko ya goyi bayan Lok. Sai dai kayan gwajin ba ƙwallo da akwati ba ne, wasu siffofi ne masu kama da juna, don haka sharaɗin da Laibniz ya gindaya na ƙirga tsini ba a gwada shi yadda ya faɗa ba.